Kafin Dusar Ƙanƙara Ta Sauka: Yadda Muke Shirya Rukunin Shaguna a Toronto

Editan mujallar nan ya daɗe yana bi na bashi. Tun bara yake aiko da saƙo cewa tsofaffin ɗalibai da suka fita waje su riƙa rubuto wa ƙannensu wani abu game da aikin da suke yi, ba hoton jingina da motar mutane kaɗai ba. To yau ga shi na biya.

A sashen kula da gidaje da kadarori na yi ƙaramar difloma da babba, na sha layin ruwa a ɗakunan kwana kamar yadda kuke sha yanzu. A 2021 na zo Toronto ta ƙasar Kanada ƙarin karatu, kuma don in riƙe kaina na samu aikin mataimaki ga manajan wani rukunin shaguna a gefen birni. Irin abin da muke ce wa filaza ne a gida: shago goma sha huɗu a jere ƙarƙashin rufi ɗaya, ciki har da kantin magani da gidan burodi, sai filin ajiye motoci a gaba.

Ranar da na fara, cikin watan Satumba, rana ake har ina gumi. Na zaci ofis za a zaunar da ni a ba ni takardun haya. Sai maigidana, wani dattijo da ya haura shekara talatin a harkar, ya miƙo min bokiti da safar hannu ya nuna min tsani. Wai in hau rufi in kwashe duk abin da na gani a bakin magudanan ruwa. Na ce a raina, yanzu duk karatun nan a kwasar shara zai ƙare? Da na sauko ya ce min hunturu muke yi wa shiri. Na ɗaga kai, ko gajimare babu.

Hunturun nan ba irin namu ba ne na hazo da faso da tsagewar leɓe. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da sifili, wani lokaci har digiri 20 ƙasa da shi. Amma abin da ya fi wahalar da masu gine-gine a Toronto shi ne sanyin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da rana ya ɗan haura sifili abu ya narke, da dare ya koma ƙasa abin da ya narke ya daskare. Sai da na shekara guda, na kuma yi kuskuren da zan ba ku labarinsa a gaba, kafin na gane cewa dusar ƙanƙara ruwa ce da ta yi jinkirin wucewa. Duk shirin da ake yi amsar tambaya ɗaya ce: idan ta narke ina ruwan zai bi, kuma a ina zai sake daskarewa?

Mu fara daga sama. Rufin irin waɗannan gine-gine shimfiɗaɗɗe ne kamar na soro, da ɗan gajeren bango kewaye da shi, abin da maginanmu ke kira rawani. Maimakon indararo, magudanan a tsakiyar rufin suke, bututunsu ya bi ta cikin ginin inda akwai ɗumi don kada ya daskare. Akwai kuma 'yan ƙofofi a jikin rawanin, na ko-ta-kwana, in na tsakiyar sun toshe. Wanda ya taso a gidan ƙasa ya san abin da ke faruwa in damina ta tarar da indararo a toshe: ruwa ya kwanta, soro ya yi nauyi, azara ta fara kuka. To haka abin yake a nan, sai dai ruwan da ya kwanta yakan zama dutse ya zauna har wata uku. Shi ya sa ake share magudanan sau biyu, a Satumba, sannan a Nuwamba bayan itatuwa sun gama zubar da ganye. A wannan hawan ne kuma ake duba shimfiɗar da ke hana yoyo, a liƙe duk inda ta tsage ko ta ɗago, domin da zarar sanyi ya kama, gam ba ya kamawa yadda ya kamata.

'Yan sashen gini da na injiniya, ga lissafi. Sabuwar dusar ƙanƙara busasshiya ba ta da nauyi, mita ɗaya ta kowane gefe kan yi kilo 100 ko ƙasa da haka. In ta kai zurfin santimita 30, kowace murabba'in mita na rufi tana ɗauke da kilo 30 ke nan, ba wani abu ba ne. Amma jiƙaƙƙiya, wadda ruwan sama ya sauka a kanta ko ta danne kanta, tana iya kai kilo 400. Wannan zurfin dai na santimita 30 ya koma kilo 120, wato fiye da buhu biyu na siminti a kan kowace murabba'in mita. A rufi mai murabba'in mita 2,000 tan 240 ke nan. Ita kuwa tsantsar ƙanƙara ta haura kilo 900, kaurin santimita 10 kaɗai ya ishe ta ta ɗora kilo 90. Injiniyoyi sun saka nauyin dusa cikin lissafinsu tun wajen zane, amma iska ba ta raba ta daidai. Tana kwaso ta ne ta jibge a jikin rawani da bayan injinan ɗumama da ke zaune a kan rufin. Ɗan haya ya ɗora sabon inji ko babban allon talla ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya ƙirƙiri sabon wurin taruwa da mai zanen bai san da shi ba. Don haka a zagayen Satumba har ƙirga abin da ke kan rufin muke yi, mu kwatanta da hotunan bara.

In ta kama a sauke dusar daga rufi, da shebur na roba ake yi, a bar ɗan kauri a ƙasa don kada a yanke shimfiɗar, kuma a riƙa ragewa ko'ina daidai. Alamun nauyi ya yi yawa daga ciki ake ganin su: ƙofa ta fara cijewa, silin ya lanƙwaso, ƙarfe ya riƙa ƙara. A ranar 28 ga Janairu 2006 rufin wani zauren baje koli a Katowice ta ƙasar Polan ya rufta saboda nauyin dusa da ƙanƙara ana tsakiyar bikin nuna tattabaru, mutum 65 suka rasu. Masu kiwon tattabaru ne irin na unguwanninmu, sun je kallon tsuntsaye.

Sai bututun ruwa. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ƙanƙarar takan toshe bututu, ta matse ruwan da ke tsakaninta da rufaffen famfo har bututun ya tsage. Abin takaicin shi ne ba za ka sani ba a lokacin, sai ranar da gari ya yi ɗumi ka buɗe shago ka tarar da tafki. Saboda haka a Oktoba ake rufe duk famfunan waje daga ciki a tsiyaye su, a hura iska mai ƙarfi cikin bututun ban-ruwan furanni har sai babu ɗigo. Ƙasa kanta tana daskarewa, shi ya sa a yankin Toronto harsashin gini ke sauka aƙalla mita 1.2, bututun ruwa kuma ya fi haka zurfi.

Wurin da ya fi ba manaja tsoro shi ne shagon da babu kowa. Ɗan haya ya tashi, an yanke gas, ba mai shiga. Alhali a cikin silin ɗinsa akwai bututun kashe gobara cike da ruwa, wanda ƙa'ida ta ce kada wurin da yake ya sauka ƙasa da digiri 4. In ya fashe, ba wannan shagon kaɗai zai jiƙa ba, har maƙwabtansa. Mukan mayar da mitar irin wannan shago sunan mai ginin, mu bar injin ɗumama yana aiki a wajen digiri 12, kuma ina leƙa shi kullum ko da babu komai ciki sai ƙura. Injinan kansu makaniki na zuwa ya duba su tun Oktoba, ya sauya matatar iska da bel. Bututun da ke fitar da hayaƙinsu dole a kiyaye kada dusa ta rufe shi, don iskar gubar da ke komawa ciki ba ta da wari ko launi. Kuma kada ku ce ai nan ba a ɗauke wuta. A Disamba 2013 ruwan sama mai daskarewa ya karya itatuwa da wayoyi, gidaje da shaguna kusan 300,000 a Toronto suka rasa lantarki, wasu fiye da mako guda. Injin ɗumama ko da gas yake ci, ba ya tashi babu wuta. Tun daga lokacin maigidana ya liƙa takarda a ɗakin injina mai nuna inda ake rufe ruwan ginin gaba ɗaya da yadda ake tsiyaye shi. Daren farko da na kwana ina jiran kira, ita ya fara sa ni na haddace.

Yanzu mu sauko ƙasa, inda mutane ke tafiya, inda kuma kuɗi da shari'a suke. Kafin sanyi ana cike duk tsagar da ke jikin kwalta, don ruwa in ya shiga ya daskare buɗa ta yake yi, kafin Afrilu ta zama rami. Ana gyara fitilun filin, tunda a Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi. Ana kafa dogayen sanduna masu ƙyalli a gefen dakali da kusa da famfon 'yan kwana-kwana, saboda direban motar ture dusa da ke aiki ƙarfe uku na dare ba ya ganin komai sai fari.

Ture dusar kwangila ake bayarwa, kuma wanda ya bari sai Nuwamba zai tarar da ƙwararrun duk an kama su. A Agusta ko Satumba ake sa hannu. Tamu daga 15 ga Nuwamba take zuwa 15 ga Afrilu. A ciki ake rubuta zurfin da in dusa ta kai ɗan kwangila zai fito ba sai an kira shi ba, galibi santimita 5, da lokacin da dole ya gama kafin a buɗe shaguna, da ko kuɗin gishiri na ciki ko daban, da farashin kwashe tulin da tifa in wuri ya cika. Birnin ma yana da nasa wa'adin: awa 12 bayan dusa ta tsaya don share hanyar ƙafa ta bakin titi, awa 24 don matakala da filin mota da sauran wuraren cikin fili. Tare da kwangilar akwai taswira mai nuna inda za a tara dusar. Ku riƙe maganar taswirar nan.

Gishiri shi ne babban makami. Ranar da na fara ganin ana watsa shi a ƙasa da shebur na tuna kakanninmu da ke jiran ayarin raƙuma daga Bilma don kantu ɗaya. A nan ana haƙo shi ne a garin Goderich, daga wata mahaƙa da ta shiga ƙarƙashin tafkin Huron, kuma Kanada na zuba kusan tan miliyan 5 a hanyoyinta duk shekara. Aikinsa shi ne ya sa ruwa ya ƙi daskarewa a sifili. Amma yana da iyaka. Sanyi in ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa ya ragu sosai, sai a koma wani nau'in mai sinadarin kalsiyam wanda ya fi tsada, ko a watsa yashi don ƙafa ta samu abin kamawa. Masu wayo tun kafin dusar ta sauko suke fesa ruwan gishiri, mai kusan kashi 23 cikin ɗari, don kada ta manne da kwalta. Hana ta kamawa ya fi ɓamɓare ta arha nesa ba kusa ba.

Sabon shiga yakan ɗauka yawan gishiri shi ne yawan tsaro. Ni ma haka na riƙa zabga shi har maigidana ya ƙwace min abin watsawar. Gishiri yana cin fuskar siminti, musamman wanda bai shekara ba, yana kashe shuke-shuke, yana gangarawa rafuka, yana kuma sa rodi tsatsa. Kowane manajan gini a lardin Ontario ya san labarin Algo Centre, wata cibiyar kasuwanci a garin Elliot Lake da aka yi wa wurin ajiye motoci a kan rufi. Fiye da shekara talatin motoci na shigo da dusa mai gishiri, tana narkewa tana yoyo a kan ƙarafan da ke riƙe da ginin, masu ginin na ta ɗage gyara na gaskiya. A ranar 23 ga Yuni 2012 wata walda da tsatsa ta cinye ta saki, rufin ya faɗo, mata biyu suka mutu. Mai shari'a Paul Bélanger ya jagoranci binciken, rahotonsa ya fito a 2014. Ku lura da watan: Yuni, tsakiyar zafi, babu ko ƙwayar dusa a ƙasa.

To ga nawa labarin. A ranar 17 ga Janairu 2022 aka yi wata dusa da birnin ya ce ta kai santimita 55, motocin bas suka maƙale a tituna, aka rufe makarantu. Taswirarmu ta ce a tara dusa a kusurwar ƙasa ta filin, kusa da babbar magudana. Kafin asuba wurin ya cika. Direban ya kira wayar aiki, ni ke riƙe da ita, maigidana yana wani ginin. Ya ce ko in yarda a kira tifa, wanda kuɗi ne mai yawa ba na cikin kwangila ba, ko in nuna masa wani wuri. Na ga akwai fili a ɗaya kusurwar, ta gefen kantin magani. Na ce ya tura can. Har ina jin daɗi na tsimin kuɗi.

Abin da ban lura ba shi ne wannan kusurwar ta ɗan fi sauran filin tudu. Ido ba ya ganin bambancin, amma ruwa ya san shi. A Fabrairu aka samu kwana biyu na ɗumi, tulin ya fara tsiyaya, ruwan ya ratsa daidai hanyar shiga kantin maganin. Da dare sanyi ya dawo. Abin da ya samu shi ne ake kira baƙar ƙanƙara, siririya ce garau, kalar kwaltar ƙarƙashinta take nunawa, sai ka ɗauka jiƙa ce kawai. Da safe wata tsohuwa ta zo karɓar maganinta, ta taka, ta faɗi ta karye a wuyan hannu. Ba na wurin. A faifan kyamarar tsaro na gani, kuma sau uku aka sa na kalla don in rubuta lokacin daidai. Ta kai kusan minti biyu a ƙasa tana neman abin dafawa kafin wani ya fito daga gidan burodi. Sa'ar kakata ce.

Dokar Ontario ta ɗora wa duk mai riƙe da wuri, mai gini ne ko ɗan haya ko wakilinsu, alhakin ɗaukar matakin da ya dace don mai shigowa ya kasance cikin aminci. Daga Janairu 2021 wanda ya ji rauni saboda dusa ko ƙanƙara dole ya aiko da sanarwa a rubuce cikin kwana 60, sannan yana da shekara biyu ya shigar da ƙara. Takardar lauyanta ba ta kai wata guda ba ta iso. Abu na farko da kamfanin inshora ya nema shi ne littafin aiki, inda ake rubuta ranar, da lokacin, da yanayin gari, da wanda ya duba, da abin da aka watsa. Namu ya nuna an yi komai daidai a duk ranar da dusa ta sauka. A wannan safiyar kuwa shafin fari fat, domin ba ta sauka ba, kwangilar kuma saukarta kaɗai ta ambata. Ba wanda aka ɗora wa zagayen safiyar da ta biyo bayan narkewa. Inshora ta biya diyya. Shekarar da ta biyo kuɗin inshorar ya tashi, kuma a irin yarjejeniyar hayar shagunan da ake yi a nan, 'yan haya ne ke raba irin wannan kuɗi gwargwadon faɗin shagon kowa. Wato mai burodi da mai aski su ma sun biya tsimin da na yi. Kuɗin tifar da na guje wa bai kai ko kusa ba.

Maigidana bai kore ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya jira har aka yi ruwan sama na farko a Afrilu, ya ba ni rigar ruwa da gwangwanin fenti, ya ce in zagaye filin in bi kowane ruwa daga inda ya taso zuwa inda ya tsaya, in shata duk inda ya kwanta. A nan na tuna darasin awon ƙasa na shekarar farko, wanda muke barin mutum biyu suna fama da na'ura da sanda cikin rana, mu sauran muna gindin darbejiya muna jiran mu kwafi lambobi. Wanda a cikinku yake yin haka yanzu, ya tashi ya karɓi sandar nan. Haka ma darasin dokar sakaci da muke haddacewa don jarrabawa kawai, na zo na same shi da tambarin lauya a kai.

Daga wannan zagayen muka sake zana taswirar. Kusurwar kantin magani an yi mata jan gicciye, ba a tara komai a wurin ko da filin zai cika. An ƙara sharaɗi a kwangila cewa duk daren da ma'auni ya sauka ƙasa da sifili bayan yinin narkewa, ɗan kwangila zai zagayo kafin ƙarfe shida, ko dusa ta sauka ko ba ta sauka ba. An ware kuɗin tifa tun cikin kasafin shekara, don kada wani mai riƙe da waya da asuba ya sake tsayawa yana lissafi. Bututun da ke sauko da ruwan rumfar gaba, wanda da yake zubarwa a kan hanyar ƙafa, an karkatar da shi ƙarƙashin ƙasa. An kuma ajiye akwatin gishiri da ɗan cokali a ƙofar kowane shago na uku.

Ina wannan rubutu ne a tsakiyar Oktoba. An rufe famfunan waje, makaniki ya gama da injina goma sha biyu saura biyu, an kafa sanduna jiya. Shago na tara babu kowa ciki tun Agusta, na mayar da mitarsa. Abin da ya rage yana damuna shi ne magudanar da ke bayan gidan burodi, wadda ruwan makon jiya ya yi awa uku bai gama shigewa ba. Na zura ƙarfe ban taɓo komai ba. Ranar Alhamis mai gyaran famfo zai zo da kyamarar da ake zurawa cikin bututu mu ga ko saiwar itace ce ta shiga.